Katin XT-IDE da na saya: yana aiki, amma sai ka san furosesan da ke cikin injinka

Wata biyu kenan da katin nan ya iso hannuna, na ƙi rubuta komai a kai sai da na jarraba shi a inji uku, don wallahi da a ranar farko na yi rubutun nan ba abin da za ku karanta sai faɗa. Yanzu da zuciya ta huce zan iya cewa katin yana da kyau kuma zan sake saya, amma wanda ya sayar min ya yi sakacin da ya cinye min kwana biyu a banza, kuma sakacin nasa ya taɓa wani abu da duk mai wasa da tsofaffin kwamfutoci na shekarun 1980 zai ci karo da shi ko ba jima ko ba daɗe.

Ga wanda bai san shi ba, XT-IDE ɗan kati ne da ake sokawa a ramin ISA mai bit 8, wato ramin ƙarin kati na tsofaffin kwamfutoci, yana ba tsohuwar kwamfuta damar karanta faifan ajiya na IDE ko katin CF (CompactFlash, katin ajiya irin na kyamara), maimakon waɗancan tsofaffin faifan MFM masu ƙara kamar injin niƙa da yawancinsu sun riga sun mutu. A jikinsa akwai wata aisi (IC) ta EEPROM, wato memorin da ake iya gogewa a sake rubutawa, da ke ɗauke da nasa ɗan BIOS ɗin, manhajar da ke fara aiki in an kunna inji, wanda ake kira XTIDE Universal BIOS, manhaja ce ta kyauta da kowa zai iya saukewa ya duba cikinta. Zanen katin ma a buɗe yake, shi ya sa mutane da yawa ke bugawa suna sayarwa, nawa ma irin wannan ne, ba zan kama sunan mai shi ba.

Hannu dai ya yi aiki mai tsafta. Dalmar ta zauna sumul, haƙoran da ke shiga rami an shafe su da ruwan zinare, aisin tana kan soket ba a liƙe ta da dalma ba don haka za ka iya cirewa ka canza, kuma an buga jadawalin 'yan makunnan saiti a bayan katin, ba sai ka je neman takarda ba. Abin da babu shi ne ƙarfen da ake ɗaure kati da shi a jikin akwati, haka na bar shi yana rawa sai da na cire na wani mataccen kati na huda na ɗaura masa. EEPROM ɗin kuma 28C64 ce, wato 8K kacal, manyan nau'ikan manhajar masu jerin zaɓin inda za a tashi ba sa shiga ciki. Wannan ban damu da shi sosai ba.

Injin farko da na soka shi irin kwafin IBM XT ne, madabod marar suna, Intel 8088 mai gudun 4.77 MHz, memori 640K. Na kunna, fanka ta ɗauka, BIOS ya ƙirga memori har ƙarshe kamar kullum, daga nan sai tsit. Ɗan layin nan yana ta ƙiftawa a saman sikirin, fulofi ko motsi bai yi ba, kibod ba ta amsawa. Na kashe na cire katin, inji ya tashi lafiya lau. Na mayar, tsit. Na canza rami, na goge haƙora, na cire katin CF ɗin gaba ɗaya, na matsar da adireshin ROM, wato inda inji ke samun ɗan BIOS ɗin katin, daga D000 zuwa C800 zuwa D800, ko gezau. Na rubuta wa mai sayarwa, amsar da ya ba ni ita ce ya gwada kafin ya turo kuma yana aiki. Bai yi ƙarya ba fa, ya gwada, abin da bai faɗa ba shi ne a kan wane furosesa ya gwada.

Sai a kwana na biyu da dare na soka shi a inji na biyu, mai furosesa 286, kawai don in tabbatar ya mutu in mayar masa da kayansa. Sai ga rubutu ya fito tar a sikirin, sunan manhajar, kuma a gefe an rubuta XT+. Nan na yi tsaki na gane komai.

Kalmar nan Universal da ke sunan ita ke yaudarar mutane. Ba fayil ɗaya ba ne da zai hau kowane inji. Akwai ide_xt.bin na 8088 da 8086, akwai ide_xtp.bin wato XT+ na NEC V20 da V30 da 80186 da 80188, akwai ide_at.bin na 286 zuwa sama, akwai kuma na 386. Mai sayarwa XT+ ya zuba min, ƙila injin gwajinsa V20 ne a ciki. Shi V20 aisi ne da NEC ta yi wanda ƙafafunsa daidai suke da na 8088, ka cire wannan ka dasa wancan, amma ya san ƙarin umarni irin na 80186 kamar PUSHA da INS da OUTS waɗanda 8088 bai taɓa jin labarinsu ba. Kuma abin haushin shi ne 8088 ba ya cewa ban gane ba. 286 in ya gamu da umarnin da bai sani ba yana tsayawa ya kai ƙara, shi kuwa 8088 lambar 60h da ke nufin PUSHA karanta ta yake kamar 70h, wato umarnin tsalle, sai ya haɗa da bayit ɗin da ke gaba ya ci gaba da tafiya a kan kuskure har ya faɗa inda ba fita. Babu saƙo, babu ƙarar sifika, shiru kawai. Shi ya sa mutum zai rantse kati ya ƙone alhali lafiyarsa ƙalau.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Tunda 286 ya iya umarnin 80186, a can na tashi DOS daga fulofi, na kunna makunnin da ke ba da izinin rubutu a EEPROM, na buɗe XTIDECFG, manhajar saita katin, na loda ide_xt.bin, na duba saiti, na yi filashin, wato na rubuta shi a aisin, na kashe makunnin, na mayar da katin cikin XT ɗin. Memori ya ƙirgu, sai ga sunan katin CF ɗina ya bayyana. Amma ka yi tunanin wanda inji ɗaya gare shi, 8088, ba shi da 286 a gefe ba shi da na'urar rubuta aisi. Dole sai ya kashe ROM ɗin da makunni, ya tashi daga fulofi, ya sake kunna shi inji na aiki sannan ya yi filashin, in ma ya san ana haka. Layi ɗaya a tallar da zai ce ga nau'in da na zuba, ko ya tambayi mai saye wane furosesa gare ka, da ya wadatar. In za ka sayar wa wanda ba ka san injinsa ba, ide_xt.bin ya kamata ka zuba, shi ne wanda 8088 da V20 da 286 duk za su iya karantawa ba tare da sun sarƙe ba.

To bari in ɗan tsaya a nan, don tambayar da na fi gani wajen masu sabon shiga ita ce wai BIOS ba BIOS ba ne, me zai hana in cire na wannan madabod in saka a wancan. Amsar tana da hawa biyu, furosesa daban, madabod daban.

Furosesa irin 8088 in aka kunna shi daga can ƙarshen megabayit na farko yake fara karatu, adireshi FFFF0, a nan BIOS ke jiransa. Umarnin 8088 kuwa 286 da 386 da 486 duk sun gaje shi, don haka ta ɓangaren yare sabo yana jin na tsoho, tsoho ne ba ya jin na sabo. Amma BIOS ba da furosesa kaɗai yake magana ba, aikinsa na farko shi ne tashin sauran aisin da ke kan madabod ɗaya bayan ɗaya, kuma dole ya san su waye da inda suke zaune. A IBM PC na 1981 da XT na 1983 akwai 8253 mai ƙidayar lokaci, 8259 mai karɓar kiran da na'urori ke yi wa furosesa guda ɗaya, 8237 mai jigilar bayanai tsakanin na'urori da memori guda ɗaya, da 8255 wanda ta nan ake karanta kibod da 'yan makunnan da ke faɗin yawan memori da fulofi. Da AT ya fito a 1984 da 80286 sai aka canza tsari, 8259 ya zama biyu, 8237 biyu, kibod ta koma hannun 8042, saiti ya bar makunni ya koma memorin CMOS mai batir a cikin MC146818. Ka ga kenan BIOS na XT in ka kai shi AT zai je neman 8255 bai same shi ba, na AT in ka kai shi XT ga umarnin 286 ga neman CMOS da babu. Ko zaman aisin ma ya bambanta, a AT guda biyu ne, ɗaya na riƙe bayit na mara ɗaya na cika saboda hanyar bit 16 ce, ka juya su inji ba zai ce uffan ba.

Tsakanin kwafin XT da kwafin XT kuwa yawanci ana musanya, saboda duk zane ɗaya suka kwafa da aisi iri ɗaya a adireshi iri ɗaya, sai dai wajen kunna turbo kowa da tasa dabarar. Shi ya sa har yau ake da BIOS na kyauta irin su GLaBIOS da Super PC/Turbo XT BIOS da ke hawa madabod da yawa na wannan aji. Daga ƙarshen zamanin 286 zuwa 386 da 486 labari ya canza, kamfanoni irin su Chips and Technologies da OPTi da SiS da UMC da VLSI suka dunƙule tarin aisin nan zuwa guda biyu ko uku, kowanne da nasa rijistocin saita memori da sauransu. Za ka ga madabod biyu duk sun rubuta AMI a sikirin, duk 386, amma ka musanya aisin BIOS ɗinsu ba wanda zai tashi, don AMI ko Award ko Phoenix gindin kawai suke sayarwa, mai madabod ne ke gyara shi daidai da kayan da ya ɗora.

Abin da ke sa manhaja ba ta damu da duk wannan ba shi ne ƙofofin da BIOS ke buɗe wa DOS iri ɗaya ne, INT 10h na sikirin, INT 13h na faifai, INT 16h na kibod. IBM ta buga rubutun BIOS ɗinta gaba ɗaya a littafin bayanin injin amma haƙƙin mallaka na hannunta, sai Compaq ta sa injiniyoyi suka rubuta nata daga tushe ba tare da kwafa ba, Phoenix kuma a 1984 ta yi haka ta fara sayar wa duk mai so. Daga nan kasuwar kwafi ta buɗe. Shi kansa sunan BIOS ya girmi IBM PC, Gary Kildall ne ya fara amfani da shi a CP/M a 1975.

Katin XT-IDE a kan wata al'ada ta wannan tsarin yake rayuwa. Bayan gwajin memori, BIOS na madabod yana bin adireshi daga C8000 zuwa sama, kowane 2K ya leƙa, in ya ga bayit biyu 55 da AA ya san akwai ROM na wani kati, bayit na uku ya faɗa masa girmansa, ya haɗa lissafi in ya fita sifili sai ya miƙa masa ragama. A wannan lokacin ne ɗan BIOS ɗin katin ke karɓe INT 13h. Masu IBM 5150, wato IBM PC na farko, ku kula da nan, BIOS ɗinta kala uku ne, na 04/24/81 da 10/19/81 da 10/27/82, kuma na ƙarshen ne kaɗai ke yin wannan leƙen. Biyun farko ko ka soka kati goma ba su san suna yi ba, dole sai ka ɗaga BIOS ɗin, kuma soket ɗin ƙafa 24 ne, 27C64 ta yau da kullum mai ƙafa 28 ba ta shiga sai da adafta. Duba naka ba wuya, ka buɗe manhajar DEBUG ta DOS ka rubuta D F000:FFF5, kwanan watan zai fito a gefen dama, wata ne a farko sannan rana, irin rubutun Amurka. Bayit ɗin da ke F000:FFFE kuma shi ke faɗin ajin inji, FF na PC, FE na XT, FC na AT. Masu 5160, wato IBM XT na asali, kuma ku guji rami na takwas, wanda ke kusa da akwatin wuta, shi yana da nasa sharaɗin na daban kuma ba kowane kati ke cika shi ba.

Mu koma kan gwaji. A XT ɗin bayan filashin na sa MS-DOS 5.0, saboda 3.3 ba ya wuce yanki mai 32 MB, shi kuwa 5.0 yana kaiwa 2 GB. FDISK, FORMAT da /S, na sake kunnawa, ya ƙi tashi daga CF ɗin duk da ina ganin fayilolin in na tashi daga fulofi. Wannan ba laifin katin ba ne, CF ɗin daga kyamara ya fito, farkon faifan babu umarnin tashi. FDISK /MBR sau ɗaya, shikenan. Daga nan sai daɗi, babu ƙara, babu jiran faifai ya ɗauki gudu, DIR na farko ne kawai ke ɗan jan ƙafa in yankin babba ne saboda 8088 sai ya zauna ya lissafa sauran fili, shi ya sa na koma na yanka shi ƙanana. Akwai kuma ranar da na ƙara katin netwok komai ya rikice, ashe dukkansu a adireshi 300h suke zaune, wannan kam ni na jawo, na matsar da ɗaya aka zauna lafiya.

Daga baya na samo V20 na dasa a injin, na mayar da XT+ ɗin da ya wahalar da ni. Bambancin ana jinsa, kwafe fayil ya fi sauri a fili, don yanzu furosesan yana kwaso bayanai daga katin da umarni guda mai maimaita kansa maimakon zagaye yana ɗauka ɗaya ɗaya. To ka ga mai sayarwa ba mugun abu ya zuba ba, abu mai kyau ne a inda ba wurinsa ba. Wani ƙarin amfanin V20 ɗin, akwai katunan VGA da nasu ROM ɗin ke amfani da umarnin da 8088 bai sani ba, irin wannan shirun suke yi, da V20 sai su tashi.

A 286 ban daɗe ba. Katin yana aiki, amma hanyar bit 8 ce a injin da ke da ramin bit 16, kamar ka bar babban titi ka bi lungu ne. Abin da ya fi shi ne ka bar faifan a kan katin IDE na bit 16 da ke adireshi 1F0h, ka yi amfani da XT-IDE ɗin don ROM ɗinsa kawai da ide_at.bin. Amfaninsa a nan shi ne tsofaffin BIOS na AT jerin nau'in faifai gare su ƙayyadadde, in naka ba ya cikin jerin kuma babu gurbin da za ka rubuta da hannu, ka makale. Wannan manhajar kuwa tambayar faifan take kai tsaye.

Inji na uku 486 ne, kuma a nan ne katin ya fi burge ni duk da ba don shi na saya ba. BIOS ɗinsa na da iyakar nan ta 504 MB da injuna da yawa na kafin 1994 ke da ita, wadda ta fito daga haɗuwar iyakar INT 13h da ta IDE, silinda 1024, kai 16, sashe 63, kowanne bayit 512, ka ninka ka gani. Na shiga saitin CMOS na ce babu faifai ko ɗaya, na bar ROM ɗin katin ya karɓi aikin, CF mai 4 GB ya fito cif. Abu biyu suka ɗan ba ni aiki. In shado, wato kwafe ROM zuwa memori don sauri, na kunne a adireshin da ROM ɗin yake, filashin ba ya shiga, don kwafin da ke memori kake taɓawa ba aisin ba, sai ka kashe shi tukuna, haka ma EMM386, manhajar DOS mai sarrafa memori, kar ya kasance a lode. Na biyu kuma, CF ɗin da na riga na yanka a ƙarƙashin BIOS na madabod ya ƙi tashi a ƙarƙashin na katin, Missing operating system kawai yake rubuta min, saboda kowannensu da yadda yake lissafa silinda da kai. Sai da na kwashe fayilolin na sake yanka shi. Tun daga nan duk CF ɗin da zan riƙa yawo da shi tsakanin injuna a ƙarƙashin wannan manhajar nake yanka shi, iri ɗaya a ko'ina.

XTIDECFG ɗin kansa ba shi da kwalliya amma yana da sauƙi, akwai zaɓin da zai nemo katin da kansa, kuma ina ba da shawara a bar shi ya yi, don nau'in katin ma kala kala ne. Akwai zanen farko, akwai wanda aka musanya layukan adireshi biyu don ƙarin sauri, akwai XT-CF da ke magana da CF da bit 8 zalla. Ka zaɓi wanda ba shi ba, ko dai faifai ya ƙi bayyana ko sunansa ya fito a hargitse.

In da maki ake bayarwa, katin huɗu da rabi cikin biyar, mai sayarwa biyu, kuma biyun ma don ya naɗe kayan da kyau ne. Kafin ka biya, buɗe injinka ka karanta abin da aka rubuta a bayan furosesan, 8088 ne ko D70108 wato V20, ka duba kwanan watan BIOS ɗin madabod, sannan ka tambayi mai sayarwa wane fayil ya zuba da kuma girman EEPROM ɗin. In ya ce maka ai universal ne yana hawa komai, ka ce ya zuba ide_xt.bin kafin ya turo. Akwai madabod na 386 a ajiye da batir ya zubar wa ruwa ya ci layuka biyu kusa da soket ɗin kibod, in na gama ɗinke su da waya zan gwada nau'in 386 ɗin a kai, shi kaɗai ne ban taɓa ba.